Benjamin Banneker, manomin da ya sassaƙa agogo da itace

An haifi Benjamin Banneker ranar 9 ga Nuwamba 1731 kusa da Baltimore, a Maryland ta Amurka. Baƙar fata ne, amma ɗa ne ba bawa ba, a zamanin da bauta ke da ƙarfi. Makaranta kaɗan ya yi. Noman taba ne sana'ar gidansu.

A lokacin, dogon agogon nan mai tsayuwa a ƙasa, wanda ya ɗara mutum tsawo, sai gidan masu hali. A Filadelfiya, kafintoci ke yi masa akwatin katako mai tsada da adon sassaƙa, injinsa kuwa na tagulla. Banneker ba shi da kuɗin wannan. Sai ya aro agogon aljihu, ya nazarci haƙoran ciki, ya yi lissafi ya ƙara musu girma, ya sassaƙa su da itace. Wajen 1753 agogon ya tashi, yana bugawa kowace awa, kuma bai daina aiki ba har ƙarshen rayuwarsa.

Daga baya ya koyi ilmin taurari. A 1791 ya taya Andrew Ellicott auna iyakar filin da aka gina birnin Washington, ya kuma rubuta wa Thomas Jefferson wasiƙa yana sukar bauta. Kalandarsa ta lissafin taurari ta fito daga 1792 zuwa 1797.

Ya rasu a Oktoba 1806. Ranar jana'izarsa gobara ta cinye gidansa, har da agogon.

To iyaye, a Sokodé ko Dapaong, in kun tarar da yaro ya kwance rediyo, kafin bulala ku fara tambayarsa me ya gano.