Alfred Hitchcock, ɗan mai kanti da ya yi kasuwancin tsoro

An haifi Alfred Hitchcock ranar 13 ga Agusta 1899 a unguwar Leytonstone ta birnin Landan, ƙasar Ingila. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, mai sayar da kayan lambu da kaji. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa yana ɗan shekara biyar uban ya aike shi wurin ƴan sanda da wata takarda, aka kulle shi na ƴan mintoci don a ja masa kunne. Tsoron nan bai bar shi ba har tsufa. Shi ya sa da yawa cikin fina-finansa labarin mutum ne da aka ɗora wa laifi bai ji ba bai gani ba, kamar The 39 Steps na 1935 da The Wrong Man na 1956.

Ya fara aikin silima yana saurayi, lokacin hoto ba ya magana, aikinsa zana rubutun da ake nuna wa ƴan kallo. A nan ya haɗu da Alma Reville, gwanar haɗa fim, suka yi aure a 1926, ta zama abokiyar shawararsa har ƙarshe. A 1939 ya koma Amurka. Fim ɗinsa Rebecca ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau na 1940, amma shi kansa sau biyar ana sa sunansa a takarar gwanin darekta bai taɓa ci ba.

Dabararsa ita ce ya nuna wa mai kallo haɗarin da ɗan wasa bai sani ba. Kai ka ga mugu ya laɓe bayan ƙofa, mai gida yana tahowa da fara'a, hankalinka ya tashi, ba ka da ikon faɗa masa.

A 1960 ya nuna jinin kasuwa da ya gada. Kamfanin Paramount ya yi sanyin jiki da fim ɗin Psycho, sai ya sa jarinsa, kimanin dala dubu 800. Don rage tsada ya ɗauke shi baƙi da fari, alhali mai launi ya riga ya cika gari. Jinin da aka gani cikin banɗaki ruwan cakulan ne. Ya yafe albashinsa ya karɓi kashi 60 cikin 100 na fim ɗin, ya kuma hana a shigar da kowa silima bayan an soma kallo. Mutane suka yi dogon layi, jarin ya dawo ninki fiye da goma.

Ya rasu ranar 29 ga Afrilu 1980 a Los Angeles, yana da shekara 80, ƴan watanni bayan Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma. Ya bar fina-finai sama da 50, kuma cikin yawancinsu zaka hango shi, mai ƙiba da tumbi, ya gitta na ɗan lokaci kamar ɗan kallo.