Thomas Edison: ɗan tallan da ya sa wa wutar gida fiyus

Masu karatu, a filinmu na tarihin mashahuran mutane yau za mu waiwayi Thomas Alva Edison, mutumin da duk mai sayar da waya, soket da ƙwan lantarki a kasuwanninmu yake cin albarkacin aikinsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

An haife shi ranar 11 ga Fabrairu, 1847 a jihar Ohio ta ƙasar Amurka, amma ya tashi ne a Port Huron, wani gari na bakin iyakar Amurka da Kanada. Bai daɗe a makaranta ba, mahaifiyarsa ce ta koyar da shi a gida. Yana ɗan shekara 12 ya fara tallan jarida da alewa a cikin jirgin ƙasa mai zuwa Detroit. Daga nan ya koyi aikin buga waya, wato tangaraho, kuma ta wannan ƙofar ya shiga harkar lantarki.

Galibi ana cewa shi ya ƙirƙiro ƙwan lantarki. Mu dai a ganinmu an yi masa ƙari, domin wasu sun riga shi gwadawa, irin su Joseph Swan na Ingila. Abin da ya yi a 1879 shi ne ƙwan da ke jimawa yana ci, daga baya ya sa masa zaren gora daga Jafan, ya riƙa kai awa 1,200. Sai dai ɗan kasuwa ya san ƙwai ba ya sayuwa a gidan da babu wuta. Don haka Edison ya zauna ya tsara komai: injin ba da wuta, wayoyin tagulla da aka binne cikin bututun ƙarfe, makunni, mazaunin ƙwai mai murɗawa wanda har gobe ake sayarwa, da mita. Mitar tasa abin mamaki ce, faranti ne na tutiya a cikin ruwan magani, duk wata ma'aikaci ya zo ya ɗauka a auna nauyinsa, da haka ake sanin kuɗin da mai gida zai biya. Ranar 4 ga Satumba, 1882 tasharsa ta titin Pearl a birnin Niyok ta fara ba da wuta.

Babban abin tsoro a lokacin shi ne gobara. Ko a gidan attajirin nan J. P. Morgan, wanda ya zuba kuɗi a kamfanin, sai da waya ta haɗu ta ƙona tebur a ɗakin karatunsa. Maganin da Edison ya dogara da shi ƙaramin abu ne: guntun siririyar waya ta dalma da ake sawa a kan hanyar wuta. Idan kaya suka yi wa layi yawa, ko wayoyi biyu suka haɗu, wutar da ke gudu takan ƙaru, sai dalmar ta narke ta yanke hanya tun kafin wayar cikin bango ta yi zafi. Wato da gangan aka yi ta mai rauni. Wannan shi ne fiyus, ya kuma yi rajistar wani samfurinsa a 1890. Saboda haka mai shagon da fiyus ɗinsa ya tsinke ya ɗaura wayar tagulla mai kauri a madadinsa, ya mayar da rumfarsa da ta maƙwabtansa halin da ake ciki kafin Edison. Ita kuwa birekar da ake ɗagawa a mayar idan ta faɗi, Hugo Stotz na Jamus ne ya yi rajistarta a 1924, aikinsu ɗaya da fiyus. Idan ta yi ta faɗuwa, a rage kaya ko a kira mai gyara, kada a canza ta da wadda ta fi ƙarfin wayar.

Edison yana da taurin kai. Wutarsa mai gudu ta fuska ɗaya ce, mai ƙarfin volt 110, ba ta wuce kamar mil ɗaya daga tasha. George Westinghouse, da taimakon Nikola Tesla wanda ya taɓa yi wa Edison aiki, ya kawo mai kai da komo wadda taransifoma ke ɗagawa a kai ta nesa. Maimakon ya karɓa, Edison ya shiga ɓata ta da cewa tana kisa. Bai yi nasara ba. A 1892 aka haɗe kamfaninsa da wani aka kafa General Electric, aka cire sunansa. Amma Amurka ta tsaya kusa da ma'auninsa, yau tana kan volt 120, mu kuma muna kan 220 zuwa 230. Shi ya sa firij ko dutsen guga na gwanjon Amurka ke ƙonewa nan take idan aka jona shi ba tare da na'urar rage wuta ba.

Ya rasu ranar 18 ga Oktoba, 1931 a West Orange, yana da shekara 84, da rajistar ƙirƙira 1,093 a Amurka. Daren da aka binne shi, Shugaba Hoover ya roƙi Amurkawa su kashe fitilunsu na minti ɗaya.