A. S. Hornby: Malamin Da Ya Yi Wa Masu Koyon Turanci Ƙamus

Da wuya a sami ɗalibin jami'a a Nijeriya da bai taɓa buɗe ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's Dictionary ba, musamman lokacin rubuta jinga ko kundin digiri. Sai dai kaɗan ne suka san mutumin da ya aza tubalinsa, wato Albert Sydney Hornby.

An haife shi a garin Chester na ƙasar Ingila a shekarar 1898. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Landan, ya tafi Japan a shekarun 1920, inda ya koyar da Turanci a wata kwalejin kasuwanci da ke garin Oita. A can ne ya lura da wata matsala. Ɗalibansa sukan san ma'anar kalma, amma in aka ce su sa ta cikin jimla sai su kasa. Ƙamusoshin wancan zamani kuwa an yi su ne don Turawan da suka tashi da harshen tun suna goye.

Daga baya ya koma Tokyo ya yi aiki da masanin harshe Harold Palmer a wata cibiyar binciken koyar da Turanci. Shi da abokan aikinsa biyu, Gatenby da Wakefield, suka shirya ƙamus na daban. Sun bayyana ma'anoni da kalmomi masu sauƙi, suka kawo misalai da yawa. Sun nuna sunayen da ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa, don mai koyo ya gane cewa kalmomi irin su "information" da "advice" ba su ɗaukar jam'i. Haka kuma sun tsara yadda kowane aikatau ke zama cikin jimla. Duk wanda malami ya taɓa ja wa jan biro a jinga ya san muhimmancin wannan.

An buga ƙamus ɗin a Tokyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan da Birtaniya ke gaba da juna. A shekarar ce Hornby ya bar ƙasar. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948, daga nan ya bazu a duniya. A 1961 ya kafa gidauniya da kuɗin littattafansa don tallafa wa malaman Turanci na ƙasashe masu tasowa su ƙaro ilimi a Birtaniya. Ya rasu a 1978.

Darasin da ke nan gare mu ɗaliban harshe shi ne, kuskuren mai koyo ba abin dariya ba ne, abin nazari ne. Mu da muka koyi Hausa a aji mun san wahalar jinsi da jam'i da karin sauti. Idan wata rana aikin ƙamus ya zo hannunmu, mu tuna da wanda bai sha harshen a nono ba.