A'isha Falatiya, 'yar malamin allo da ta fara shigar da muryar mace rediyon Omdurman

Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad, amma Sudan ta san ta da A'isha Falatiya, daga Fallata, sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi a can. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da suka kama hanyar Makka, zama ya riƙe su a Sudan. An haife ta a Kassala, ta tashi a Omdurman, birnin da ke tsallaken kogin Nilu daga Khartum.

Mahaifinta malami ne, a makarantar allonsa ta koyi karatun Alƙur'ani da fitar da harafi daidai. Kiɗa kuwa a gidajen biki ta koye shi, inda ta fara waƙa tun tana ƙaramar yarinya.

Bikin Sudan makaranta ce ta kunne. Kafin ranar, amarya kan yi makonni wata gwana tana koya mata rawa da daluka, gangar yumɓu da mata ke bugawa da hannu. Ana koya mata ta saurari bugun kafin ta motsa, ta san inda za ta lanƙwasa wuya da inda za ta tsaya cak. Mawaƙiyar da ta yi gaba ko ta yi baya da bugu ɗaya ta kunyata amarya a gaban dangi. A irin wannan fage A'isha ta goge, shi ya sa waƙoƙinta na salon tumtum, mai saurin bugu, suke zama daram a kan kiɗa.

Mahaifin bai so ba, domin a lokacin ana ɗaukar waƙar mace a bainar jama'a abin kunya. Ya aurar da ita don ta daina. Auren ya mutu, ta koma waƙarta.

A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai ya kai ta Alƙahira, faya-fayanta suka shiga gidajen shan gahawa na Sudan. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙa yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, ƙanwarta Jidawiya tana kaɗa mata garayar Larabawa. Masu sauraro sun yi maraba, wasu mawaƙa maza kuwa suka yi fushi da haɗa su da mace. Daga baya da mazan ta riƙa rera waƙa tare.

Ta yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ta kuma ziyarci Najeriya, ƙasar iyayenta, ta yi wasa. Ta rasu a Omdurman ranar 24 ga Fabrairun 1974.