Tarihin Pocock, Masanin Gizo-gizo

Mu da muka tashi a Gulma, bakin fadamar Rima, ba mu ruɗewa tsakanin tarwaɗa da ramboshi. Ko yaron Sarkawa ya san ramboshi yana da wata tsoka mai kitse a bayansa kusa da wutsiya, tarwaɗa kuwa ba ta da ita. Amma in aka zo ga gizo-gizo, sai mu yi musu kuɗin goro, babba da ƙarami, in mun matsa mu ce tautau. To, ga labarin wani Bature wanda ya yi wa manyan gizo-gizo masu gashi irin sanin da masunta suka yi wa kifi.

An haifi Reginald Innes Pocock a Bristol ta ƙasar Ingila cikin 1863. Da ya gama karatu a Oxford, sai aka ɗauke shi aiki a gidan ajiyar halittu na Landan cikin 1885, aka danƙa masa kunamu da shanshani da gizo-gizo. Matafiya suna aiko masa da su cikin kwalabe, launinsu duk ya ƙoɗe. Saboda haka ya ƙi dogara ga launi, gama launi yakan sāke in dabbar ta yi saɓa ko ta tsufa. Abin da ya riƙe shi ne ƙirar jiki, musamman waɗansu ƙananan gasu masu tauri da suke gogawa su yi sauti in an tsokane su. Waɗansu a gefen muƙamuƙi suke da su, waɗansu a gindin ƙafafun gaba. Da wannan ya rarrabe dangogin Afirka cikin 1897, shekarar da ya raɗa wa ƙaton nan na Kamaru suna Hysterocrates gigas.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na waɗansu iri biyu masu zama bisa itatuwa a Afirka ta Yamma, dukansu masu zane a baya, masu mugun cizo. Ɗaya an san shi tun 1793, watau Stromatopelma. Pocock ya duba ɗayan, ya ga ƙafafunsa na baya sun fi kauri, ya ware shi, ya kira shi Heteroscodra maculata. Har yau sunan nan bai faɗi ba.

Cikin 1904 aka naɗa shi mai kula da gidan namun daji na Landan, ya riƙe har 1923. Daga nan ya koma gidansa na fari, yana auna ƙoƙunan kan damisa da kyanwar daji, har ya rasu cikin 1947, yana da shekara 84.