Albion Tourgée: Soja, Lauya, Marubuci

An haifi Albion Tourgée ran 2 ga Mayu, 1838, a jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Farar fata ne, ɗan manomi. A shekarar 1861 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Arewacin ƙasar da Kudancinta, inda ake riƙe da baƙar fata bayi. Nan da nan ya shiga soja a ɓangaren Arewa. A faɗan Bull Run ya ji mummunan rauni a ƙashin baya, wanda ya dame shi har ƙarshen ransa. Duk da haka da ya sami sauƙi ya koma fagen fama, har abokan gaba suka kama shi a 1863, daga baya aka sake shi.

Da yaƙi ya ƙare a 1865, sai ya ƙaura zuwa Greensboro a jihar Karolina ta Arewa. A 1868 ya zama alƙali, ya yi shekara 6 a kan kujera. Ya tsaya tsayin daka wajen kare 'yantattun bayi daga ƙungiyar Ku Klux Klan mai kashe-kashe, ko da yake an sha yi masa barazanar kisa.

Abin da ya gani da idonsa shi ya zuba cikin littafinsa na ƙagaggen labari, A Fool's Errand, a 1879. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, ya nuna wa mutanen Arewa zaluncin da ake yi a Kudu.

A 1892 aka kama Homer Plessy a New Orleans don ya zauna a taragon jirgin ƙasa na fararen fata. Tourgée ya zama lauyansa, bai karɓi ko kwabo ba. Amma a 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata; alƙali ɗaya tak, John Harlan, ya ƙi yarda. A 1897 aka naɗa Tourgée ƙaramin jakada a Bordeaux ta Faransa, can ya rasu a 1905.

Sai a 1954 kotun nan ta haramta wariya a makarantun gwamnati, shekara 49 bayan rasuwarsa. Ɗalibai, mu lura: wanda ya tsaya a kan gaskiya ba lalle ya ga nasara da idonsa ba, amma komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.