Waliyyi Charles de Foucauld: Baƙon da Ya Zama Maƙwabci a Hamada

Ranar 1 ga watan Disamba ce Ikklisiya take tunawa da Waliyyi Charles de Foucauld, wani firist Bafaranshe wanda ya bar ƙasarsa ya tafi ya zauna a tsakiyar hamadar Sahara, cikin Buzayen Ahaggar, dangin Abzinawan da muka saba gani a kasuwanninmu da rawunansu da raƙumansu. Mun zaɓi mu ba da tarihinsa a wannan fitowa domin da yawa daga cikinmu baƙi ne a inda suke. Wani aiki ya kai shi, wani karatu, wani fatauci, wata kuma aure. Sau da yawa irin waɗannan 'yan'uwa sukan tambaye mu yadda mutum zai yi aikin bishara a wurin da ba shi da bakin yin wa'azi. Rayuwar wannan bawan Allah tana da abin da za ta ce a kan wannan tambaya.

Ƙuruciya da ɓata

An haifi Charles ranar 15 ga watan Satumba 1858 a birnin Strasbourg, cikin gidan masu asali da dukiya. A shekarar 1864 mahaifiyarsa da mahaifinsa suka rasu ɗaya bayan ɗaya, kakansa na wajen uwa, wanda tsohon kanar ne, ya ɗauki renonsa shi da ƙanwarsa Marie. Tun bai gama makarantar sakandare ba ya bar bangaskiya, ya daina addu'a. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1876, daga nan ya wuce ta sojan doki a Saumur, inda ya fito na 87 cikin ɗalibai 87. Kakan ya rasu a 1878 ya bar masa gado mai yawa, shi kuwa ya bi ta kansa da ci da sha da shagali. Da aka tura shi Aljeriya, shugabanninsa suka dakatar da shi a 1881 saboda wata mace da ya ajiye ba aure. Daga baya an mayar da shi bakin aiki, ya nuna jarumtaka a fagen daga, amma a 1882 ya ajiye kaki da kansa.

Daga watan Yuni 1883 zuwa watan Mayu 1884 ya ratsa ƙasar Maroko, wadda a lokacin ba a barin Bature ya shiga cikinta. Ya yi shigar malamin Yahudawa, wani Bayahude mai suna Mardochée yana yi masa ja-gora, yana auna hanyoyi da duwatsu yana rubutawa a ɓoye. Wannan aiki ya jawo masa lambar zinariya a Paris a 1885. Amma akwai abin da ya dawo da shi wanda ya fi lambar nauyi. Ya ga Musulmi, talakawa da matafiya, suna tsayar da harkokinsu su yi salla a kan yashi, suna ambaton Allah a kowace magana. Wannan ya girgiza shi, ya fara tambayar kansa ko Allahn da ya watsar yana nan. Ya kamata mu riƙe wannan a zuciya: ibadar Musulmi ce Ubangiji ya fara amfani da ita wajen farkar da wannan Kirista daga barci.

A ƙarshen watan Oktoba 1886 ya shiga majami'ar Waliyyi Augustin a Paris, ya sami Fada Henri Huvelin, da nufin ya nemi bayani a kan addini. Fadan bai shiga muhawara da shi ba. Ya sa shi ya durƙusa ya furta zunubansa, sa'an nan ya aike shi ya karɓi Jikin Kristi. Daga wannan safiya, yana da shekara 28, Charles bai sake waiwayawa baya ba.

Neman Nazarat

A ƙarshen 1888 ya kai ziyara Ƙasa Mai Tsarki. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne garin Nazarat, inda Ɗan Allah ya yi wajen shekara 30 yana sassaƙa, yana zaune da maƙwabta, ba wanda ya san ko shi wane ne. Wannan ɓoyayyiyar rayuwa ita Charles ya yi ta nema har ƙarshen kwanakinsa. A watan Janairu 1890 ya shiga gidan sufaye na Trappist a Faransa, bayan 'yan watanni aka tura shi wani gidansu mai tsananin talauci a Akbes, a ƙasar Suriya ta wancan zamani. Shekara bakwai ya yi tare da su, amma ya lura cewa talakawan da ke kewaye da gidan sun fi sufayen kansu talauci, hankalinsa bai kwanta ba. A 1897 shugabanninsa suka sallame shi cikin salama, ya tafi Nazarat ya zama ɗan aiken Sistocin Waliyyiya Clare, yana kwana a wata rumfar katako, yana shara, yana kai saƙo. Ranar 9 ga watan Yuni 1901 aka naɗa shi firist a Viviers, yana da shekara 42.

A watan Oktoba na wannan shekara ya sauka Beni Abbes, wani dausayi a hamadar Aljeriya kusa da iyakar Maroko. Ya gina ɗan ɗakin sujada da 'yan ɗakunan baƙi da tubalin ƙasa. Niyyarsa ita ce ya zauna shiru cikin addu'a, amma ƙofarsa ba ta huta ba: sojoji, matafiya, marasa lafiya, bayi da mabarata, wata rana har mutum 100. Abincinsa gurasar sha'ir da dabino. Ya tarar ana cinikin bayi a idon hukumar Faransa, ya rubuta wasiƙu masu zafi yana la'antar abin, ya kuma fanshi 'yan kaɗan da ɗan kuɗin da danginsa suke aiko masa.

Zaman Tamanrasset

A watan Agusta 1905 ya ƙaura zuwa kudu mai nisa, zuwa Tamanrasset a duwatsun Ahaggar. Birni ne babba a yau, amma a lokacin bukkoki ne da ba su wuce 20 ba. Sarkin Buzayen yankin, Musa ag Amastan, ya yarda masa ya zauna. Ya gina ɗaki dogo siriri, faɗinsa bai kai mita 2 ba, rabi wurin addu'a, rabi wurin kwana da rubutu. Yana sanye da farar riga mai alamar jar zuciya da gicciye a ƙirji, mutane suna kiransa marabu, wato malami mai ibada.

Idan muka bi ranarsa daga asuba zuwa dare, ba za mu ga abin mamaki ba. Yakan tashi tun da duhu ya yi addu'a. Gari na wayewa masu ƙwanƙwasa ƙofa su fara zuwa. Wannan tana neman allura, wancan maganin ido, wani kuma ɗan mudun hatsi. Ya koya wa mata saƙa da ƙwarashi, ya ba manoma shawara, ya sasanta masu faɗa, ya zauna da tsofaffi ana hira. Bai taɓa tara mutane ya yi musu wa'azi ba. Ya san Musulmi ne masu riƙe da addininsu, ya kuma san cewa a idonsu shi ɗan'uwan sojojin da suka ci ƙasarsu da yaƙi ne. Saboda haka abin da ya sa a gaba shi ne ya zama mutumin kirki wanda za a amince da shi, har wanda ya ga bawa ya yi tunanin yadda Ubangidansa zai kasance.

Babban aikin hannunsa shi ne harshe. Ya gane cewa ba a ƙaunar mutane alhali ba a jin maganarsu. Ya yi sama da shekara 10 yana tattara kalmomin Tamahak, wato Buzancin Ahaggar, tare da taimakon Ba-Hammu, magatakardan sarki. Ƙamus ɗin da ya rubuta da hannunsa ya haura shafi 2,000, an buga shi cikin kundi huɗu a 1951 da 1952, masana kuma suna amfani da shi har yanzu. Ya zauna a bakin tantuna yana sauraron waƙoƙin maza da mata, ya rubuta baiti wajen 6,000, na yaƙi da na soyayya da na raƙuma. Ya kuma juya Linjila zuwa harshensu. Wannan duk aikin zama ne da haƙuri, irin wanda ba a yi wa tafi.

Nonon awaki

Shekarar 1907 ta zo masa da gwaji mai tsanani. A dokar Ikklisiya ta lokacin firist ba ya yin Misa shi kaɗai sai da mai taimaka masa a bagade, shi kuwa babu wani Kirista kusa da shi. Mutumin da ya zo hamada domin Yesu na cikin Sakramenti ya yi Kirsimeti na 1907 ba Misa. Wasiƙu sun yanke. Ruwan sama ya ɗauke sama da shekara guda, yunwa ta shigo, shi kuma ya rabar da hatsin da ya ajiye. A watan Janairu 1908 jikinsa ya ƙi, ya kwanta ba ya iya tashi, har ya sallama cewa mutuwa ce.

A nan ne al'amari ya juya. Buzayen nan da yunwa ta addaba suka bi tantuna da makiyaya suna neman duk akuyar da ta rage da ɗan nono, suka tatso suka kawo masa, suka yi ta ba shi har ya farfaɗo. Shekara da shekaru shi ne mai bayarwa, shi ne mai magani da allura da hatsi. Mai bayarwa kullum kuwa, komai tawali'unsa, a sama yake zaune. Yanzu ga shi kwance, ransa a hannun talakawa Musulmi. Tun daga wannan ciwo zamansa da su ya sake kama: ya rage zama baƙo mai alheri, ya zama maƙwabci wanda ake binsa bashin alheri kamar kowa. A ƙarshen wannan wata ne kuma labari ya iso masa cewa Paparoma Pius na 10 ya ba shi izinin yin Misa shi kaɗai.

Mu da muke zaune cikin waɗanda ba addininmu ɗaya ba, a nan darasin ya fi shafarmu. Mun iya kai wa maƙwabci abincin Kirsimeti. Amma muna karɓar naman Salla da farin ciki? Muna barin maƙwabciya ta riƙe mana yaro, ko ta zauna da mu ranar makoki? Wanda ya ƙi karɓa ya rufe ƙofar zumunci daga ciki, bishara kuwa ba ta bin ƙofar da aka rufe.

Charles ya gane cewa irin wannan aiki ya fi ƙarfin firistoci su kaɗai. Ya yi ta roƙo a sami Kiristoci na gari, manoma da 'yan kasuwa da masu jinya, su zo su zauna cikin jama'a da sana'arsu, kamar Akila da Bilkisu masu ɗinkin tanti da muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 18. Ya je Faransa sau uku, a 1909 da 1911 da 1913, domin kafa zumunta mai wannan manufa. Waɗanda suka sa hannu kafin rasuwarsa ba su kai 50 ba.

Ba za mu ɓoye rauninsa ba. Ɗan zamaninsa ne, mai kishin Faransa. Ya ɗauka mulkin ƙasarsa zai iya kawo wa hamada alheri, abokansa na kusa hafsoshi ne irin su Laperrine, yana kuma rubuta musu labarin abin da ke gudana a yankin. Gaskiya ne ya tsawata musu a kan zalunci da ƙwace, amma bai ga mugun tushen mulkin mallaka yadda muke ganinsa a yau ba. Ikklisiya ba ta ce waliyyi bai taɓa kuskure ba. Abin da take shaidawa shi ne ya ƙaunaci Allah da mutane da dukan abin da ya sani.

Rasuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya iso har hamada. 'Yan Sanusiyya daga Libiya suka tashi a kan Turawa, hanyoyi suka cika da mahara. A 1916 Charles ya gina wata ganuwa ta ƙasa domin talakawan Tamanrasset su fake, aka ajiye abinci da 'yan bindigogi a ciki. An ba shi shawara ya koma barikin soja, ya ƙi barin mutanensa. Ranar 28 ga watan Nuwamba ya kammala aikin waƙoƙin Buzaye. Ranar Juma'a 1 ga watan Disamba da yamma, wani da ya sani ya kira shi a bakin ƙofa da sunan ya kawo wasiƙu. Yana buɗewa mahara suka fizgo shi, suka ɗaure hannuwansa ta baya, suka bar wani yaro ɗan shekara 15 yana gadinsa, su kuma suka shiga kwasar kaya. Ana cikin haka sai ga sojojin raƙumi biyu sun doso. Yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58. A cikin wannan wata ne kuma Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, cikin guguwar yaƙi guda. Sarki Musa ag Amastan, Musulmi, ya rubuta wa ƙanwar mamacin wasiƙar ta'aziyya mai cike da baƙin ciki.

A lissafin mutane ya mutu hannu wofi. Ba Buzu ko ɗaya da ya yi wa baftisma, ba kuma almajirin da ya daure zama da shi. Amma a 1921 René Bazin ya buga tarihinsa, mutane da dama suka karanta. A 1933 aka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 kuma Ƙananan Sistocin Yesu, waɗanda suke zama cikin talakawa suna aikin hannu kamar maƙwabtansu. Kabarinsa yana El Meniya a Aljeriya tun 1929. An ayyana shi Mai Albarka ranar 13 ga watan Nuwamba 2005, Paparoma Francis kuma ya sa shi cikin waliyyai ranar 15 ga watan Mayu 2022.

Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci da aka kai garin da ba majami'a, da ke 'yar'uwa mai jinya a ƙasar waje, da kai ɗalibi da kake kwana ɗaki ɗaya da wanda ba ya bin addininka, kada ku ɗauka an ajiye ku a gefe. Ku koyi harshen mutanen da kuke cikinsu, ku san gaisuwarsu, ku je sunansu da jana'izarsu, ku riƙe amana a wurin aiki, kada kuma ku bar addu'a ko da ba firist kusa. Muna roƙon katekis da shugabannin zumunta su karanta wa jama'a wannan tarihi a makon farko na Disamba, a kuma yi addu'a ta musamman domin 'ya'yanmu da suke zaman baƙunci, da maƙwabtan da suka karɓe su.

Waliyyi Charles de Foucauld, ka yi addu'a dominmu.